Zan je aikin sa-kai gidan marayu a Gana, ku ba ni shawara

Zee Kabuga: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Na gama bautar ƙasa watan jiya, na ce kafin Allah ya kawo aiki bari in yi abin da zan tarar gobe ƙiyama. Na ga wani kamfani a Instagram yana kai mutane aikin sa-kai gidajen marayu a Gana da Kenya da Tanzaniya. Sati uku, dala 900, ban da kuɗin jirgi. Sun ce da masauki da abinci, in an gama kuma a ba ka takardar shaida. Hotunan yaran da suka sa sai da na yi hawaye wallahi. Abba ya ce in na samo wanda ya san abin ya yi masa bayani, zai duba. Don Allah akwai wanda ya taɓa yi?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Zainabu, ki biya kuɗi kuma ki yi aiki? Mu a Kwari wanda ya yi dako shi ake sallama. Sannan marayu sun ƙare a Kano ne da sai kin tsallaka Gana? Ki bi ta ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa bayan isha'i ki ga yara a kwance. In na gida bai ƙoshi ba ba a ba na dawa.

Maman Ilham: Haba Baban Sadik, yarinya ta zo da niyyar alheri ka tare ta da gatari. A jira Anti Rabi, ita ta zauna a can.

Anti Rabi: Ga ni, yanzu na shigo daga asibiti, ko takalmi ban cire ba. Zainabu, Allah ya ba ki ladan niyya. Bari in yi magariba in ba ki labari, don ba na aya ɗaya ba ne.

Anti Rabi: To. Ni ba kamfani ne ya kai ni ba. Maigida ne ya samu aikin shekara ɗaya a Tamale, babban birnin arewacin Gana, na ɗauki hutu ba albashi na bi shi. Daga Akara muka hau bas, muka bi ta Kumasi, Teciman, Kintamfo, muka tsallake gadar Buife da ta Yafei, tafiyar yini cur, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Biza ba a nema, tunda duk 'yan ECOWAS ne, kwana 90 kake da su kafin ka nemi ƙari, amma katin rigakafin shawara dole ne.

Tamale ba za ta yi miki baƙunta sosai ba. Garin Musulmi ne, kiran sallah ta ko'ina, ga adaidaita sahu da suke ce wa yalo-yalo, ga mata kan babur da goyo a baya, abin da ya fara ba ni mamaki ke nan. Dagbanci ne yaren gari, amma a kasuwa da zango Hausa tana ci. Sai dai Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji. Ranar da aka ce mini "matar nan ya zo neman ki" sai da na waiga ina neman namijin. Abinci kuwa namu ne ya sauya riga: koko da ƙosai da safe, tuwon zafi, da wake da shinkafa da suke kira wace.

Sati uku ina zaune a gida ina ƙirga silin. Maƙwabciyata ce ta ce akwai gidan yara a bayan gari, ma'aikaciyar jinyarsu ta bar aiki. Na je da takarduna, shugabar ta tura ni ofishin walwalar jama'a aka rubuta sunana, sannan na fara. Wata bakwai na yi. Kullum ina zuwa ban da Juma'a, in maigida ya yi tafiya wajen aiki kuma ina kwana, wajen dare uku a sati.

Zee Kabuga: Anti yaya yinin yake? Su sun rubuta wasa da yara, koyar da Turanci, da zane-zane.

Anti Rabi: Hhhh. Zane-zane. Bari ki ji zanen da ake yi.

Yara talatin da 'yan kai ne lokacin, sha huɗu ba su kai shekara huɗu ba. Mata huɗu ne ke riƙe da su dare da rana, ana ce musu Mma, wato uwa. Ƙarfe huɗu da rabi an tashi. Ɗaya ta hura gawayi ta ɗora ruwan koko, ɗaya ta ɗora na wanka. Ana idar da asuba aikin farko shi ne katifu. Duk an naɗe su da leda saboda fitsarin kwance, to sai a zare zanin gado, a goge ledar da ruwan omo, a ciccibo su waje a jingina da katanga. Ledar da ta tsage kuwa, soson ya sha, wannan warin har yau in na shiga ɗakin yara a asibiti sai ya faɗo mini.

Sai wanka. A jera su tsirara a kan dandamali, lokacin hunturu suna karkarwa haƙora na haɗuwa. Bokiti biyu ne, na sabulu da na ɗauraya. Ɗaya tana cuɗawa, ni ina ɗaurayewa ina tsanewa, ta uku tana shafa man kaɗanya, tun daga goshi har tsakanin 'yan yatsun ƙafa, don iskar can tana fasa fata kamar tamu. A nan nake yin aikina na jinya ba tare da kowa ya lura ba: in duba ido ko ya yi fari, in taɓa wuya, in ga makero a kai, in ga wanda cikinsa ya kumbura. Yaron da ya yi shiru a layin wanka, bai yi kuka ba bai yi tsalle ba, shi nake warewa gefe.

Bayan koko manya su tafi makaranta, sai wanki. Zainabu, wanki shi ne rabin aikin gidan yara. Nafkin na tsumma ake amfani da shi, don famfas sai an samu kyauta. In famfo ya ɗauke, a tura baro da jarkoki zuwa rijiyar burtsatse. Sati biyu na farko bayan yatsuna duk ya sale. Sha ɗaya a dama wa jarirai madara, kowa da kofinsa da aka ɗaura wa zare mai launi. Azahar, abinci, barci. La'asar a kwashe shanya, a ninke, manya su dawo da aikin gida da faɗa da ƙafa da ta yi targaɗe. Magariba a sake wanka, a saki gidan sauro, a bi ɗaya bayan ɗaya a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Wasan da kike ji ana faɗa, wataƙila minti arba'in ne a yini, shi ma da kwandon wanki a gabanki.

Baban Sadik: Wannan ai aikatau ne. Kuma a ce mutum ya biya dala.

Anti Rabi: Ni ban biya ko sisi ba, ba a kuma biya ni ba. Amma masu biya suna zuwa. A wata bakwai na ga rukuni biyar ko shida, yawanci 'yan mata daga Jamus da Holan da Ingila, irin shekarun Zainabu. Kada a zalunce su, akwai masu kirki ƙwarai. Wata ta yi wanki har hannunta ya yi jini ba ta ce uffan ba. Sai dai sati biyu ko uku suke yi. Satin farko zawo da zafin rana, na biyu sun fara gane sunayen yara, na uku ana kuka ana ɗaukar hoto, mota ta zo. Na taɓa tambayar shugabar nawa ke isowa gidan cikin kuɗin da suke biya. Dariya ta yi, ta nuna mini buhun shinkafa biyu da katan ɗin sabulu a sito.

Ga abin da nake so ki riƙe. Ranar da na fara shiga gidan, kafin in ajiye jaka yara shida sun rufe ni, wannan ya kama zani, wannan ya ɗaga hannu a ɗauke shi. Zuciyata ta narke. Na ce wa babbar cikin matan, zan kira ta Mma Azara ko da yake ba sunanta ba ne, na ce kin ga yadda jinina ya haɗu da nasu. Tana tsugune tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Madam, kana da yara a gida?" Na ce uku. Ta ce, "In baƙo ya shigo, ƙaraminsu yana gudu wajen baƙo ne, ko yana ɓuya a bayan zaninka?" Na yi shiru. Ta ce, "To waɗannan ba su da zanin ɓuya. Mai gyaran famfo ma haka suke yi masa."

Maman Ilham: Innalillahi. Wannan magana ta taɓa ni.

Yaya Auwalu: Anti Rabi, abin da matar nan ta faɗa a tsugune shi muke kwashe zango guda muna koya wa ɗalibai. Yaron da hannaye suka yi ta sauyawa a kansa yakan daina bambance nasa da bare, kowa ya gani sai ya liƙe masa. Mai ziyara ya ɗauka ƙauna ce, alhali alama ce ta rauni.

An yi nazarin wannan sosai a Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin shugaba Caushesku a 1989 duniya ta ga gidajen yaran ƙasar cike maƙil. Daga shekarar 2000 masana suka bibiyi yara 136 a Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai, rabi suka ci gaba da zama a gidajen. Waɗanda aka mayar cikin iyali sun fi a wajen magana da kaifin fahimta da shaƙuwa, musamman wanda aka fitar kafin ya cika shekara biyu. Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu suka ce ɗan ƙasa da shekara uku a cikin iyali ya kamata ya tashi. Ruwanda ta ɗauki hanyar rufe irin waɗannan gidaje tun 2012, tana mayar da yara ga dangi da masu riƙo.

Wani abin kuma, Zainabu, kalmar marayu da ke jikin tallan. Ƙungiyar agajin yara ta Save the Children ta fitar da rahoto a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin gidajen nan a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ke kai su, ko rashin lafiya, ko neman makaranta.

Baban Sadik: Kun ji ko? Ashe ma ba marayun ba ne. Ni tun farko na ce kasuwanci ne.

Anti Rabi: A'a Alhaji, kar ka yi saurin yanke hukunci. Gaskiya ne a gidanmu waɗanda ba su da kowa sam ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Amma ka san su waye mafi yawan jariran? Waɗanda uwa ta rasu wajen haihuwa. Uba manomin doya ne a ƙauye, kaka ta tsufa, ba mai shayarwa, gwangwanin madara kuma kwana kaɗan yake yi ya ƙare. Ya zauna ya zuba ido jariri ya bi uwarsa? Sai ya naɗo shi a zani ya kawo. Rashin uwa ake uwar ɗaki. Da ba gidan, da yawansu ba za su ga wata uku ba. Wannan na gani da idona, ba labari ba.

Yaya Auwalu: Ban musa ba Anti. Tambayar ita ce, kuɗin da ake kashewa a kan yaro ɗaya a gidan, da an ba kakar ko gwaggon madara da ɗan tallafi, da ba ta riƙe shi ba? Gana ma tana da shirin LEAP tun 2008, ana ba gidaje matalauta kuɗi, har da masu riƙon marayu. Matsalar ita ce mai bayarwa ya fi son gini da allo da yara a jere. Ba ya ganin hoton kaka a ƙauye.

Inda abin ya ɓaci kuma shi ne inda baƙi masu biya suka zama hanyar samu. In baƙo ne ke kawo kuɗi, dole gado ya kasance da yaro a kai, sai a shiga ƙauyuka ana yi wa iyaye romon baka. An ga haka a Nefal da Kambodiya, har Ostireliya ta sa shi cikin nau'o'in bautar zamani lokacin da ta yi dokarta a 2018. A Gana kanta ɗan jaridar nan Anas Aremeyaw Anas ya shiga wani gidan yara a Akara a ɓoye a 2010, abin da ya ɗauko ya girgiza ƙasar.

Malam Nafi'u: Assalamu alaikum. Ina biye da ku. Kada dai bayanan nan su sa Zainabu ta ji kamar ta yi laifi. Hadisin yana nan a Bukhari: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna manuniya da ta tsakiya. Amma a lura da lafazin, kafil aka ce, mai ɗaukar nauyi. Kafala abu ne mai ɗorewa, ci da sha da tarbiyya har yaro ya tsaya da ƙafarsa. Ziyara alheri ce, tana da ladanta, sai dai sunanta ziyara. Kuma a shari'a maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu bai balaga ba. Wanda Hajiya Rabi ta kwatanta mabuƙaci ne, haƙƙinsa na nan a kanmu, amma nasabarsa ba ta yanke ba, Suratul Ahzabi ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Duk tsarin da zai nesanta yaro da ubansa mai rai a dube shi da kyau.

Yaya Auwalu: Malam, yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20.

Maman Ilham: Ku dakata. Ina jin kuna ta yabon riƙo kamar zuma ce zalla. Ni 'yar riƙo ce. Ina shekara shida mahaifinmu ya rasu aka raba mu, ni aka kai ni wajen 'yar uwarsa a cikin gari. Ba zan zage ta ba, ta rasu, Allah ya jiƙanta. Amma 'ya'yanta na tafiya boko ni ina ɗauke da farantin dafaffiyar gyaɗa. In ban sayar ba ban isa in shigo ba. Sai da kawuna ya zo daga Gusau ya ga kaina duk ƙwarƙwata ya tafi da ni, ina shekara goma sha ɗaya na shiga aji ɗaya. Lokacin da an ce mini ga gidan da ake ba yaro koko da safe a kai shi makaranta, da gudu zan tafi. Don haka in za a mayar da yaro dangi, a riƙa bin sawu. Ba a miƙa shi a juya baya ba.

Yaya Auwalu: Wannan gaskiya ce Maman Ilham, kuma nan ne muke da rauni. Dokar kare yara ta jihar Kano an sa mata hannu a 2023, amma doka ba ta shiga gida ta duba kan yaro. Sai mutum.

Anti Rabi: Allah ya saka wa kawu da alheri. Bari in faɗi nawa kuskuren, don kar Zainabu ta ɗauka Turawa kaɗai ke yi.

Akwai wani yaro, in ce masa Fuseini. Shekararsa biyu da rabi, ɗan tagwaye ne, uwar da ɗan'uwan duk sun tafi ranar haihuwa. Wata na biyu da zuwana zazzaɓi ya kama shi da tsakar dare. Wuta ta ɗauke, da fitilar waya na soki yatsansa na ɗiga a abin gwaji, layi biyu suka fito. Kafin in haɗa magani ya fara sanƙarewa, ido ya juye. Na kwantar da shi ta gefe, Mma Azara ta ruga ta taso maƙwabci mai babur. Haka na hau da shi a ƙirjina, na ɗaure mu da mayafi, muna faɗawa ramuka har asibiti. Kwana huɗu muka yi, ni ce a gefen gadon.

Daga nan ya zama nawa, ni ma na zama tasa. In na shigo da safe na ce dasiba, wato ina kwana da Dagbanci, kafin kowa ya amsa naa shi ya iso. Daren da nake kwana sai in ɗauke shi daga ɗakinsu in shimfiɗa shi a tabarmata. Na saya masa takalmi mai fitila a kasuwa, shi kaɗai. Ya fara ce mini Umma, don haka ya ji yarana na kirana a waya. Kuma ya daina zuwa wajen baƙi. In mota ta tsaya sai ya zo ya kama zanina ta baya. Wallahi har alfahari na yi, na ce ga shi na ba shi zanin ɓuya.

Mma Azara ta same ni a bakin murhu ta ce, "Madam, za ka tafi da shi Najeriya?" Na ce ina ni ina tafiya da ɗan mutane, ga ubansa na zuwa. Ta ce, "To rage. Baƙo raɓa ne. Kai za ka tafi, ni za a bar wa kukan." Na ji haushi ranar, na ce a raina kishi take yi. Ban rage ba.

Ranar tafiya na yi dabara, na fita yana barci. Muna Kumasi na kira. Ya tashi ya zaga ɗaki ɗaki, ya je ya zauna a bakin ƙofa da takalmin a hannu. Kwana uku ko koko sai da ɗura. Fitsarin kwance da ya daina ya dawo. Wanda bai taɓa cizo ba ya fara cizon yara. Wajen wata biyu Mma Azara na goya shi tana aiki, ƙato da shi, ga bayanta da ciwo. Ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Zee Kabuga: Anti kin sa ni kuka. Yanzu yana ina?

Anti Rabi: Yana wajen ubansa. Mutumin kowane wata yana zuwa a kan keke, tafiyar awa uku, da ƙwan zabi a cikin gwangwani an cusa ƙaiƙayi don kar su fashe. Ya zauna a benci ya ɗora yaron a cinya, ba ya iya cewa komai, la'asar ya koma. Lokacin ban ɗauke shi a bakin komai ba, har ina jin haushi in ya zo Fuseini ya ƙi zuwa wajensa saboda ni. Ka ji wauta. Da ya sake aure, ma'aikaciyar walwala ta je ta ga gidan, aka fara kai yaron yana kwana biyu yana dawowa, sannan aka bar shi. Bara an turo mini hotonsa da rigar makaranta. Na ce a ba shi waya, ya yi mini Dagbanci, bai san ko wace ce ba. Na kashe na yi kukana, na kuma yi hamdala.

Hajiya Babba: Jikata ce ke rubuta mini. Rabi, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi gaskiya a kan kanki, ba kowa ke iyawa ba. Mu kakanninmu fatake ne, Gwanja suke zuwa saro goro, ta Salaga, wata da watanni a ƙafa da jakuna. Har yau muna da dangi a zangon Kumasi. Don haka Alhaji ka daina cewa na dawa, mutanen can ba bare ba ne. Amma Zainabu, 'yar nan, reno ba a yin sa da ranar komawa a aljihu. Ni na riƙe 'ya'yan mutane bakwai, na ƙarshen ita ce uwar wannan mai rubutun.

Baban Sadik: Allah ya ƙara girma Hajiya, na karɓi gyara. Amma maganar dala 900 ina nan a kan bakata.

Zee Kabuga: To Anti, in fasa ke nan?

Anti Rabi: Ban ce ki fasa alheri ba. Kamfanin dai ki yi musu tambaya huɗu ki ga. Gidan yana da rajista da ofishin walwalar jama'a na Gana? Nawa ne cikin kuɗin ke shiga gidan? Suna neman takardar 'yan sanda da ke nuna mutum ba shi da tabo kafin su bar shi da yara? Yara nawa suka mayar wa danginsu bara? Ke uwa ce nan gaba. Wurin da zai buɗe wa duk wanda ya biya ƙofar ɗakin kwanan yara ba tare da ya san ko waye ba, za ki kai naki?

In kuma kin samu wurin kirki wata rana, ki je da abin da kika iya. Ke lissafin kuɗi kika karanta ko? Gidanmu rasit a cikin ledar burodi ake tarawa. Da an samu mai zama wata uku ta gyara musu littafi, ta koya wa shugabar yadda ake yi a kwamfuta, da ta fi masu rungumar yara goma amfani. Ni kaina abin da na bari mai amfani ba Fuseini ba ne. Katin lafiya ne da na buɗe wa kowane yaro, da koya wa matan yadda ake gwajin zazzaɓi da haɗa ruwan gishiri da sukari. Har yanzu suna yi. Ki yi wanki, ki ɗebo ruwa, ki bar Mma ta samu barcin awa biyu, ita ta ɗauki yaron. Hoto kuma ki bar shi. Ba wanda zai so a sa ɗansa a Facebook da majina an rubuta maraya a ƙasa.

Zee Kabuga: Na tura musu tambayoyin tun kina rubutu. Sun amsa yanzu. Sun ce gurbi biyu ya rage, in na biya rabi kafin Juma'a za su rage mini dala 100. Ba su taɓa ko ɗaya cikin huɗun ba.

Baban Sadik: Hhhhh. Wannan salon mun san shi. "Saura yadi biyar Hajiya, yanzu wata ta taya."

Malam Nafi'u: Alhaji ka tona asirin kasuwa.

Maman Ilham: Zainabu, in da gaske kike, mu muna da 'yar ƙungiya a unguwa, gida tara muke bi na matan da mazansu suka rasu suka bar musu yara. Kuɗin makaranta, magani, wani lokaci awo. Littafinmu ya rikice tun azumi, ma'ajiyarmu ta haihu. Sannan ga Gidan Yara na Nassarawa, in kina son ki ga irin aikin da idonki sai ki bi ta ma'aikatar mata ki nemi izini, ba a faɗa musu haka kawai.

Zee Kabuga: Zan zo Anti. Yaushe kuke zama? Amma gaskiya har yanzu ina son in ga Tamale ɗin nan.

Anti Rabi: Ki gan ta mana, gari ne mai daɗi. Ina son komawa bayan babbar sallah in Allah ya yarda, in duba su Mma Azara, kwana biyar kawai. In Abbanki ya amince sai mu tafi tare, kuɗin mota da na abinci ne naki. Zan kira shi da kaina. Amma ƙauyen su Fuseini ba za mu je ba, kar ma ki roƙe ni.

Maman Ilham: Asabar bayan la'asar, gidana. Ki zo da kwamfutarki.

Baban Sadik: Hajiya Rabi, ledar katifar nan da kika ce tana tsagewa. Akwai mai kauri da ake yi wa kujerun mota, maƙwabcina a kasuwa yana kawowa, ba ta jin fitsari ba ta jin rana. Ki tambayo mini katifa nawa ne da tsawonsu da faɗinsu, in sa a ɗinka da zif kafin tafiyarku.

Anti Rabi: Allah ya saka da alheri Alhaji. Yanzu dare ya yi, can ma sha ɗaya ta wuce, sun kwanta. Da safe in sun fito da katifun shanya zan sa ta auna da igiya ta turo.